Na haddace teburin gwajin gishiri, amma ban taɓa riƙe kwalbar gwaji ba

Assalamu alaikum Malama. Ni ɗaliba ce 'yar aji shida a wata makarantar gwamnati, ɓangaren kimiyya. Saura wata uku mu zauna WAEC, daga nan kuma NECO. Burina in karanta aikin jinya, kuma kin san ba a shiga sai da kiredit a kemistiri. Matsalata firaktikal ce. Muna da lab, amma tun da muka shiga aji huɗu sau biyu kacal aka buɗe mana shi, shi ma malam ne ya yi gwajin muna tsaye daga baya mu sittin da wani abu. Teburin gwajin gishiri kuwa, wato jadawalin gano sinadaran da ke cikin gishirin lab, na haddace shi tsaf, ko tsakar dare aka tashe ni zan kawo. Amma a mock da aka yi mana a takarda na gane gishirin, na rubuta sunansa daidai, sai ga 4 cikin 20. Tambayar da aka ce mu tsara gwaji kuwa ban ma san ta inda zan faro ba. Yanzu wata ƙawata ta ce in kawo naira 5,000 a sa ni a wani gurup na WhatsApp inda ake turo amsar firaktikal daren jarrabawa. Da ƙyar Baba ya haɗa kuɗin rajista, ba na son in faɗi, kuma zuciyata ba ta kwanta da gurup ɗin ba. Me zan yi?

Wa'alaikumus salam 'yata. Wannan 4 da ta hana ki barci, ko ban ga takardar ba na san yadda aka yi ta fito. Kin duba gwaje-gwajen, kin gane inda aka dosa, sai kika yi tsalle kika dira a kan sunan gishirin, layukan tsakiya kika bar su fayau ko kika jefa musu kalma ɗai-ɗai. Mai makin kuwa ba sunan yake saye ba. Na yi shekara 22 ina koyar da kemistiri kafin in ajiye alli, kuma ɗaliban da suka fi ba ni tausayi su ne masu kaifin hadda irinki, domin haddar ce take sa su gaggawa.

Takardar firaktikal ta WAEC awa 2 ce, maki 50, tambaya uku, kuma duka ake amsawa: ɗaya ta taitireshan (auna yawan asid da zai kashe kaifin wani ruwa), ɗaya ta gano abin da ke cikin gishiri, ta uku kuma gajerun tambayoyi ne a kan aikin lab. A ta gishirin, shafi uku za ki zana: gwajin da kika yi, abin da kika gani, da abin da kika fahimta daga abin da kika gani. Makin a warwatse yake a cikin waɗannan gidajen, ɗaya nan, ɗaya can. Kuma shafi na uku a kan na biyu yake zaune. In ba ki rubuta abin da kika gani daidai ba, fahimtarki ko daidai ce ba ta da gindi, mai maki zai wuce ta.

Ga misali. An ce ki ɗiga NaOH, wato ruwan soda na lab, kaɗan-kaɗan a ruwan gishirin, sannan ki zuba da yawa. Wannan umarni ɗaya ne a ido, amma gani biyu ne. Da ɗigon farko wani abu zai fito a cikin ruwan ya dusar da shi, in an bar shi ya kwanta a ƙasa kamar yadda gasara ke kwantawa. Shi ne kuke rubutawa ppt. Sai ki faɗi kalarsa, ki faɗi jikinsa: fari ne mai santsi kamar sitacin da aka dama, ko fari ne mai gari-gari kamar alli? Gani na ɗaya ke nan. Da kika ƙara NaOH da yawa, ya narke ko yana nan? Gani na biyu. In farin ya narke, ba ki da hujjar cewa Zn²⁺ ne tukuna, ko da zuciyarki ta ba ki haka. Abin da kika sani a wannan gaɓar shi ne ɗaya ne daga cikin uku, Zn²⁺ (zink), Al³⁺ (alminiyam) ko Pb²⁺ (dalma), kuma duka ukun za ki rubuta, kowanne da cajinsa. "Zn" tsirara ba amsa ba ce, wannan sunan ƙarfen ne. Gwaji na gaba shi zai rage miki su.

Akwai wata shekara da ba na mantawa da ita. Na shirya wa 'yan aji shida firaktikal na gwaji, sai wani yaro ya leƙa ɗakin ajiya ta taga ana gobe, ya hango kwalbar gishirin dalma a kan tebur. Kafin la'asar labari ya gama hostel: lead ne, wato dalma. Alhali kwalbar nan na fito da ita ne don wani aji daban, abin da na zuba musu gishirin zink ne. Washegari ina zagayawa tsakanin bencina, na tsaya a kan wata yarinya, cikin na gaba-gaba take a ajin. Ta ɗiga amoniya, farin ppt ya fito. Ta ƙara, ta girgiza, ya narke sarai, ruwa ya koma garau kamar na famfo. Ta ɗaga kwalbar saitin taga, ta dube ta da kyau, ta ajiye, ta ɗauki biro ta rubuta cewa bai narke ba, don ta haddace cewa na dalma ba ya narkewa a amoniya. Na ce, "Me kika gani?" Ta ce, "Malama, ina jin na yi kuskure ne wajen zubawa." Ta yarda da jita-jitar hostel, ta ƙaryata idonta. Fiye da rabin ajin haka suka yi. Waɗanda suka tsira a ranar yawancinsu 'yan jeka-ka-dawo ne da labarin bai riske su ba.

Saboda haka teburin da kika haddace, ki sake masa zama a kanki. Kwalabe biyu ne ke yin kusan duk aikin, NaOH da amoniya, kuma tambaya biyu kike yi wa kowace: wace kala, kuma ya narke in an ƙara? Masu kala ba sa wahalar da kowa. Fe²⁺ kore ne mai dauɗa kamar gansakukar bakin rijiya, in kika bar shi ɗan lokaci samansa ya soma komawa ruwan ƙasa saboda iska tana mayar da shi Fe³⁺. Shi Fe³⁺ kalar tsatsa ne. Cu²⁺ shuɗi ne mai haske, a NaOH ba ya narkewa, amma a amoniya mai yawa sai ya narke ya ba da shuɗi mai duhu irin na rigar da ta fito daga marinar Ƙofar Mata. Duk wanda ya taɓa ganin wannan shuɗin sau ɗaya ba ya ƙara neman sa a littafi.

Farare su ne masu rikici, su huɗu. Ca²⁺ ba ya narkewa a NaOH mai yawa, a amoniya kuwa ko fitowa ba ya yi, sai ki rubuta cewa ba a ga wani canji ba, domin wannan ma gani ne kuma yana da maki. Saura uku da duk ke narkewa a NaOH. Amoniya ta cire miki Zn²⁺, don shi kaɗai ke narkewa a cikinta. Saura Al³⁺ da Pb²⁺, su kuma KI ke raba gardamarsu: dalma ta ba da ppt rawaya shar, alminiyam bai ba da komai ba. Ko a ɗiga HCl, dalma ta ba da farin ppt da ke narkewa in an ɗumama, ya dawo in ya huce. NH₄⁺ shi ba ya ba da ppt ko kaɗan. Ki ɗumama shi da NaOH, wari mai hawa kai ya taso, jiƙaƙƙiyar jar takardar litmus ta koma shuɗiya. Ki lura na ce jiƙaƙƙiya. Busasshiya ba ta aiki, kuma ana rasa maki a kan wannan kalma ɗaya.

A ɗaya ɓangaren gishirin kuma, na masu cajin negatif, ki riƙa tambayar kanki dalilin kowane mataki, don a nan tambaya ta uku ke kama mutane. Ana gwada SO₄²⁻ da BaCl₂, farin ppt ya fito. To, SO₃²⁻ da CO₃²⁻ ma fari suke bayarwa, shi ya sa ake biyo shi da HCl: nasu ya narke, na salfet ya tsaya. Ana gwada Cl⁻ da AgNO₃ bayan an sa HNO₃, farin ppt ɗin kuma ya narke a amoniya mai yawa. Me ya sa HNO₃, me ya hana a sa HCl da ke kusa? Don HCl da kansa kuloraid ne da shi. Kin zuba abin da kike nema da hannunki, sannan kin ce kin same shi. Haka ma ba a sa H₂SO₄ kafin BaCl₂. In kin gane wannan, ba kya buƙatar hadda a wurin. Iska kuwa ba a cewa "ta fito" a yi shiru: kalarta, warinta, abin da ta yi wa litmus, da gwajin da ya tabbatar da ita. CO₂ ba kala ba wari, tana mayar da ruwan lime (limewater na lab, ba lemon tsami ba) kamar an ɗiga masa madara. SO₂ warin ashanar da aka kyasta gare ta, tana mayar da K₂Cr₂O₇ mai asid daga ruwan lemo zuwa kore. Da yake da Turanci za ki amsa, ki kiyaye kalmomi biyu da ake yawan musanyawa: "clear" garau ne, "colourless" marar kala ne. Ruwan shuɗi ma yana iya zama garau.

Duk wannan dai ji ne, kuma gani ya kori ji. Kafin a buɗe muku lab, kicin ɗin Mama zai rage miki hanya fiye da yadda kike zato. Ki jiƙa zoɓo ba sukari, ki tsinka shi da ruwa, ki raba kofi uku na gilashi. Na farko ki bar shi yadda yake, na biyu ki matsa lemon tsami, na uku ki ɗiga ruwan kanwa. Na lemon zai ƙara ja, na kanwar ya yi duhu ya karkata zuwa kore. Aikin da litmus ke yi ke nan. Kanwa kabonet ce, irin wadda ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga, shi ya sa in kika matsa mata lemon tsami take tafasa tana kumfa. CO₂ ɗin da ke cikin littafinki ce take fita. Ki narka alif na tace ruwa, ki ɗiga masa tataccen ruwan kanwa kaɗan-kaɗan, za ki ga farin ppt mai santsin nan na alminiyam da idonki. Kada dai ki jira ya narke in kin ƙara, kanwa ba ta kai NaOH ƙarfi ba. Ƙwaya ɗaya ta ferrous sulphate irin wadda ake ba masu ciki wajen awo, ki wanke jan bayanta, ki daka, ki narka, ki ɗiga ruwan kanwa, ki ajiye ki riƙa leƙawa: koren mai dauɗa zai fito, ya rikiɗe zuwa tsatsa. In kin gama ki zubar, kuma ki ɗauke ƙwayoyin daga inda ƙannenki za su kai hannu. Ruwan batir da sodar masu sabulu kuwa ban yarda ki taɓa su a gida ba, suna ƙona fata, suna makantarwa. Ba a ɗanɗana komai, kuma ba a kai hanci bakin kwalba, fifito warin ake yi da hannu.

Kowane ɗaya kika yi, ki zana shafuka ukun nan a littafi ki cike da Turanci, a take, kafin ki wuce zuwa na gaba. Wannan ɗabi'ar nake so ta zauna miki a hannu, domin a ɗakin jarrabawa wanda ya ce sai ya gama gwaje-gwaje zai rubuta, kalolin cakuɗe masa suke yi. In kina kallon bidiyon firaktikal a waya, ki kashe sautin, ki rubuta abin da kika gani, sannan ki kunna ki ji ko kun dace da mai bayanin.

Yanzu tsara gwaji, wanda kika ce ba ki san ta inda ake farowa ba. Ana farowa ne daga ƙarshe: me zan auna wanda zai ba ni amsa? A ce Mama tana da kanwa iri biyu, ja da ungurnu, ana so a san wadda ta fi kabonet. Abin aunawa shi ne yawan iskar da kowace za ta fitar. Da kin samu wannan, saura duk tsare hanya ne don kada wani abu ya yi miki katsalandan. Ki daka kowace ta yi laushi ɗaya. Ki ɗebi rabin ƙaramin cokali daga kowace, ki zuba a cikin balan-balan iri ɗaya. Ki matse lemon tsami da yawa a kofi guda, ki tace, ki raba daidai a gorunan ruwa biyu masu girma ɗaya. Kofi guda na ce, don wani lemon ya fi wani tsami. Ki ɗaura balan-balan a bakin gora, ki ɗaga kanwar ta zube, ki jira kumfa ta mutu, ki zagaya kowane balan-balan da zare ki auna. Ki sake sau biyu ko uku.

Mai yiwuwa ki ga balan-balan ɗin biyu sun tashi daidai wa daida, ki ce ai kanwar ɗaya ce. Kafin ki faɗi haka ki leƙa gindin gorar. In ƙarin lemo ya sake tayar da kumfa, to lemon ne ya ƙare tun farko, kanwar ba ta gama magana ba, abin da kika auna yawan lemo ne. Ma'anar a sa asid "in excess" ke nan, kuma ɗalibin da ya taɓa cin karo da wannan a gida ba ya manta rubuta shi. Sannan cokali ba sikeli ba ne, cokali ɗaya na wannan ba lalle ya yi nauyin cokali ɗaya na waccan ba. A takarda sai ki ce giram 2 a kan sikeli, asid 50 cm³ mai ƙarfi ɗaya, iska kuma a tara ta a sirinjin gas. Ki faɗi kayan aiki da sunansu, ki faɗi adadi, ki faɗi abu ɗaya da kike canzawa da waɗanda kika bari yadda suke, ki rufe da jimlar da mutane ke mantawa: wadda ta ba da iska mafi yawa ita ta fi kabonet. Ki rubuta shi yadda in kika miƙa wa ƙanwarki 'yar aji huɗu za ta iya bi ba tare da ta dawo ta tambaye ki ba.

Tambayoyin haɗa gishiri ma haka suke, tambaya ɗaya ke buɗe su: gishirin da ake so yana narkewa a ruwa ko ba ya narkewa? In ba ya narkewa, kamar BaSO₄, a haɗa ruwa biyu ya fito, a tace, a wanke da tataccen ruwa (distilled water), a busar. In yana narkewa, kamar CuSO₄, a riƙa zuba baƙin CuO a H₂SO₄ mai ɗumi har ya daina narkewa, a tace ragowar, a dafa ruwan ya ragu, a sauke ya huce ƙanƙarar gishirin, wato crystals, ta fito. Ba a dafa shi ya ƙafe ƙaf, don ruwan da ke cikin ƙanƙarar zai gudu, shuɗi ya koma farin gari.

Batun gurup. Zuciyarki ta riga ni ba ki amsa, kuma kin san hukuncinsa a addini ba sai na faɗa miki ba. Abin da ƙawarki ba ta sani ba shi ne ko a lissafin riba ma asara ce. A taitireshan, adadin da kika samu ana gwada shi ne da wanda malamin cibiyarku ya samu da ruwan da aka haɗa a makarantarku. Lambar da wani ya turo daga wata jiha ta ruwan wata makaranta ce. A ta gishiri kuwa kin ji abin da ya sami yarinyata. Ga shi in an kama waya ko an ga amsar aji guda ta zo iri ɗaya, hukumar na iya riƙe sakamako ko ta soke shi, kuɗin rajistar da Baba ya sha wuya a kai ya tafi a banza. Makin taitireshan da hannunki za ki kwashe su: ki ɗauraye buret (dogon bututun awo mai famfo) da asid ɗin, fifet (bututun ɗibar ruwa) da ruwan da za ki ɗiba da shi, ki cire mazurari kafin ki karanta, ki karanta daga ƙasan lanƙwasar ruwan, ki rubuta da biro da lamba biyu bayan ɗigo, wato 24.50 ba 24.5 ba, kuma ki ɗauki matsakaicin waɗanda tazararsu ba ta wuce 0.20 ba.

Wannan kam sai an riƙe buret, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ki nemi 'yan ajinku biyar ko shida masu himma, ku je wurin malaminku da ladabi. Kada ku ce masa ba a yi muku firaktikal, ya sani, kuma sau da yawa ba shi ke riƙe da kuɗin ba. Ku ce kuna roƙon Asabar uku, rukuni-rukuni na mutum goma. Ku je da jerin abin da ake buƙata a rubuce, don gajere ne: NaOH, amoniya, HCl, HNO₃, BaCl₂, ɗan AgNO₃ kaɗan don shi ne mai tsada, KI, ruwan lime, litmus, methyl orange, da gishiri biyar ko shida. Dole ne makaranta ta tanadi irin waɗannan kafin ranar jarrabawa, roƙonku kawai a sayo da wuri. In malam ya ce sai shugaban makaranta, to nan ne Baba zai shigo, shi da iyaye biyu ko uku ta hanyar PTA. Maganar uba ɗaya a ofishin nan ta fi ta ɗalibai talatin nauyi. In abin ya faskara, malamai sun san juna, ku roƙe shi ya nema muku rana ɗaya a wata makaranta da ke kusa, da sanin iyayenku da rakiyar malama. WAEC kuma tana da shafi a intanet inda take ajiye tsofaffin tambayoyi tare da bayanin manyan masu maki a kan inda ɗalibai suka yi tuntuɓe. Ki ɗauki tambayar gishiri ɗaya kullum, ki rufe amsar da tafin hannu, ki cike shafukanki, sannan ki buɗe.

Ki nuna wa Baba wannan amsar, har da maganar naira 5,000 ɗin, gara ya ji daga bakinki. Ki gaida min Mama, ki ce mata in ta ga kanwa da lemon tsami suna ƙarewa da wuri kwanan nan, ni na sa.